Fashin Baƙi Kan Zaɓen Fitilar Da Za A Kwana Da Ita A Tanti

Duk wanda ya tsaya gaban jerin fitilun zango yana jujjuya kwalayensu, abin da idonsa zai fara faɗawa a kai shi ne wata lamba da aka buga da manyan baƙaƙe, 500 ko 1,000 ko 2,000, da kalmar lumen a gefenta. Masu ƙera fitilun sun san cewa mai saye yana ɗaukar lambar nan a matsayin ma'aunin inganci, shi ya sa suke ta gasar ɗaga ta. Sai dai tanti ɗan ƙaramin ɗaki ne na yadi, wanda galibi ko miƙewa tsaye mutum ba ya iya yi a cikinsa, kuma fitilar da aka rataya a rufinsa ba ta wuce kamu biyu daga fuskar wanda ke zaune a ƙarƙashinta ba. A irin wannan wuri yawan haske shi ne abu mafi sauƙin samu, shi ne kuma wanda buƙatarsa ta fi ƙaranci. Abin da ke raba fitilar da za a ji daɗin kwana da ita da wadda za a yi da-na-sanin ɗaukowa shi ne iya ƙasan da haskenta zai iya sauka, da yadda take baza shi, da yawan dararen da batirinta zai ɗauka, sannan gaba da duk waɗannan, ko akwai harshen wuta a cikinta ko babu.

Da maganar wutar ya kamata a fara, domin ita kaɗai ce a cikin wannan batu ta shafi rai. Kyandir, da fitilar ƙwai mai lagwani da kananzir, da fitilar gas mai 'yar ragar nan da ke yin fari fat idan ta ɗauki zafi, wadda masanin sinadarai ɗan ƙasar Ostiriya Carl Auer von Welsbach ya ƙirƙiro a shekarar 1885, dukkansu ta hanyar ƙona wani abu suke samar da haske. Haɗarin farko a fili yake. Yawancin tantunan tafiya na zamani da nailan ko foliyesta ake ɗinka su, kuma waɗannan yadudduka suna narkewa tsakanin digiri 220 zuwa 260 a ma'aunin Salshiyos, alhali zafin harshen kyandir yana haura digiri 1,000. Ba ma sai harshen ya taɓa yadin ba, domin hucin da ke tashi daga saman fitilar gas da aka rataya kusa da rufi ya isa ya huda shi, narkakken nailan kuwa ɗiga yake yi ya manne a fata. Rubutun da ake gani a jikin wasu tantuna cewa an sa musu sinadarin kariya daga gobara, ma'anarsa wutar za ta yi jinkirin yaɗuwa ne kawai. Ga kuma ƙofa mai zif, wadda ba ta buɗuwa da gaggawa a hannun mutumin da ya farka a firgice cikin hayaƙi.

Haɗari na biyu shi ne wanda ido ba ya gani. Duk abin da ke ci da wuta a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da kabon monoksaid, wata iska da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma sa tari ko hawaye. Idan aka shaƙe ta, tana kama sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin kansa fiye da sau 200, sai jini ya riƙa zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata ba. Alamominta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, wato daidai abubuwan da mutumin da ya yini yana tafiya zai ɗora wa gajiya ya ja bargo, mai barci kuwa ba zai ma ji su ba. Akan ce ai tanti yadi ne, iska tana ratsa shi. To amma yadin da aka shafe domin ya tare ruwan sama yana tare iska ita ma, kuma daren da ake sanyi ko ake ruwa, wanda a cikinsa ake kwaɗayin shigo da fitila mai ɗumi, shi ne daren da ake toshe kowace kafa. A ganina babu wani sassauci da za a nema a nan. Fitila mai wuta wurinta waje, nesa da yadin da igiyoyinsa, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa inda ba za a yi tuntuɓe da ita ba.

Abin da ya sa wannan hukunci ba ya da wuyar bi a yau shi ne ƙwan LED. A 1962 Nick Holonyak ya samar da irinsa mai jan haske a Amurka, amma farin haske bai samu ba sai bayan da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka yi nasarar samar da mai shuɗin haske a Japan a farkon shekarun 1990, aikin da ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a 2014. Farin ƙwan LED da muke gani, a haƙiƙa shuɗi ne da aka lulluɓe da wani rawayan sinadari mai juya wani kaso na shuɗin zuwa wasu launuka, haɗuwarsu ce ido yake karantawa a matsayin fari. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da kimanin lumen 800, LED kuwa yana ba da wannan adadi da wat 8 zuwa 10, ba tare da zafin da zai narkar da yadi ba. Saboda haka daga nan zuwa gaba, duk maganar a kan fitilun LED masu batir take.

Lumen shi ne jimillar hasken da fitila take fitarwa ta kowane ɓangare, kamar a ce yawan ruwan da ke fitowa daga bakin famfo. Abin da ido yake amfana da shi kuwa shi ne hasken da ya sauka a kan abin da ake kallo, wanda ake aunawa da luks, kuma luks ɗaya shi ne lumen ɗaya da ya bazu a kan murabba'in mita ɗaya. Kyandir guda yana ba da kimanin lumen 12. Hasken wata ɗan daren sha huɗu bai kai luks ɗaya ba, wajen rubu'insa ne, duk da haka mutum yana tafiya a cikinsa ba tare da lalube ba, yayin da teburin ofis ake nema masa luks 300 zuwa 500. A ɗauki tantin mutum biyu, wanda shimfiɗarsa ba ta cika wuce murabba'in mita 3 ba. Idan aka rataya fitila mai lumen 100 a tsakiyarsa, ko da rabin hasken ne kawai ya iso ƙasa, an samu luks 16 ko 17, wanda ya ninka farin wata fiye da sau 60, ban da abin da bangon tantin zai dawo da shi idan launinsa mai haske ne. Wannan ya wadatar ga sauya tufafi, da neman abu a jaka, da zaman hira. A ƙiyasina, lumen 30 zuwa 100 sun ishi ƙaramin tanti, babban tantin iyali wanda ake miƙewa tsaye a cikinsa kuwa zai so 200 zuwa 300, kuma zai fi kyau a raba su tsakanin fitilu biyu maimakon a tara su a guda ɗaya.

Mai son karatu zai ce luks 17 sun yi masa kaɗan, kuma yana da gaskiya. Amma maganin wannan yana cikin tazara. Haske yana raguwa da murabba'in nisa, wato idan aka ninka nisan fitila da takarda sau biyu, hasken da ke sauka a takardar zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, idan kuma aka rage nisan zuwa rabi, hasken zai ninka sau huɗu. 'Yar fitilar goshi da ke kamu ɗaya daga littafi, wadda kuma ta tattara haskenta ta gaba, ta fi babbar fitilar da ke rufi haskaka shafin, tana cin kaso kaɗan na batirin da waccan take ci, ba ta kuma hana na kusa barci. Akwai kuma wata ɗabi'a ta ido da ke rage darajar manyan lambobin kwali: ido ba ya ganin ninkin haske a matsayin ninki. Fitila mai lumen 400 da aka ajiye kusa da mai 200 za ta ɗara ta kaɗan ne a gani, sai an ninka hasken wajen sau huɗu kafin mutum ya ji kamar ya ninka sau biyu, alhali batir yana biyan cikakken lissafin.

Lambar da ta fi cancanta a nema a jikin kwali ita ce ta mataki mafi ƙanƙanta, kuma ita ce aka fi rubutawa da ƙananan baƙaƙe a bayan kwalin, idan ma an rubuta ta. Na taɓa kwana da abokan tafiya biyu a tanti ɗaya, da wata fitila mai madanni guda, wadda duk lokacin da aka kunna ta daga mafi ƙarfin haskenta take farawa, a sake dannawa ta sauko tsakiya, a sake ta koma ƙarami, a kuma sake ta shiga walƙiya kafin ta mutu. Can cikin dare na farka ina neman takalmina, na miƙa hannu na danna, sai tantin gaba ɗaya ya yi fari fayau kamar tsakar rana. Na kusa da ni ya rufe fuska da hannu ya ce, "Haba malam, don Allah kashe mana wannan ranar da ka kunna." Kafin in kai ga kashe ta sai da na bi ta kan walƙiyar, wadda ta ƙarasa tayar da na ukunmu, ni kuma da na fita waje na daɗe a tsaye ban ga ko igiyar tantin ba, domin hasken ya riga ya kashe mini ido. Tun daga wannan dare, abin da nake fara gwadawa a jikin fitila shi ne madanninta. Mai kyau ita ce wadda take farawa daga ƙaramin mataki ko take tuna inda aka bar ta, wadda ake kashewa da dannawa ɗaya, wadda kuma haskenta zai iya sauka zuwa lumen 5 ko ƙasa da haka. Wadda take da abin murɗawa a rage hasken a hankali ta fi duka.

Daɗewar da na yi ban ga igiyar ba yana da bayani a halittar ido. A bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu, masu siffar mazurari waɗanda ke aiki a haske su bambance launuka, da masu siffar sanda waɗanda ke karɓar aiki idan duhu ya yi. Sandunan nan suna buƙatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin su kai ga cikakken ƙarfinsu, amma farin haske mai ƙarfi na ɗan lokaci kaɗan yana mayar da hannun agogo baya. Jan haske ne kaɗai ba sa cika ji, shi ya sa masu nazarin taurari suka daɗe suna aiki da shi da dare, shi ne kuma dalilin sa jan mataki a fitilun zango. Yana da amfani ƙwarai ga wanda zai tashi ya fita ya dawo ba tare da ya tayar da kowa ba. Sai dai a ƙarƙashinsa launuka suna rikicewa, jan layi a kan taswira yana ɓacewa, ba a kuma iya duba rauni ko karanta rubutun kwalin magani da natsuwa, saboda haka mataki ne na ƙari, ba ya maye gurbin fari. Kuma ja mai tsananin ƙarfi shi ma yana damun ido, amfaninsa yana tare da ƙanƙantarsa.

Shi kansa farin hasken iri-iri ne, ana kuma auna shi da kelbin. Harshen kyandir yana wajen 1,900, tsohon ƙwai mai zare yana wajen 2,700, hasken tsakar rana kuwa yana tsakanin 5,500 da 6,500. Abin da ke rikita mutane shi ne ƙaramar lamba ce mai ɗumin launi da ya karkata ga rawaya, babbar kuma ita ce mai sanyin launi da ya karkata ga shuɗi. Masu ƙera fitilu suna son mai shuɗin, domin yana ba da ɗan ƙarin lumen a kan wat ɗaya, yana kuma ɗaukar ido a wurin gwaji. A cikin tanti kuwa 2,700 zuwa 3,000 ne ya fi dacewa, saboda dalilai biyu. Na farko, haske mai yawan shuɗi ya fi danne melatonin, sinadarin da jiki yake saki da dare domin shirya barci. Na biyu, yawancin ƙwarin dare sun fi ganin shuɗi da hasken da ke gaba da shi wanda idon mutum ba ya gani, ganinsu ga rawaya da ja kuwa mai rauni ne, saboda haka fitila mai ɗumin launi ba ta tara su kamar ɗayar. Kada dai a sa rai da yawa a kan wannan game da sauro, domin shi numfashin mutum da ɗumin jikinsa da warin fatarsa yake bi, launin fitila bai dame shi ba. Abin da ya fi aiki ga ƙwari baki ɗaya shi ne a kashe fitilar ciki kafin a zuge zif, a shiga, a rufe raga, sannan a kunna.

Bayan yawa da launi sai yadda hasken yake bazuwa, kuma a nan ne fitilu biyu masu lamba ɗaya suke shan bamban. Ƙwan LED ɗan mitsitsi ne, bai fi ƙwayar tsakuwa ba, duk haskensa daga wannan ɗigo yake fitowa. Idan aka bar shi tsirara a bayan garai-garan gilashi, yana sukar ido, yana kuma jefa baƙar inuwa mai kaifi a bayan kowane abu, ta yadda hannun da aka zura a jaka shi da kansa yake tare hasken da ake nema. Murfi fari mai hazo yana cinye wani kaso na lumen, amma yana mayar da ɗigon ya zama faffaɗan haske mai laushi. Wanda ba shi da irin wannan fitila yana iya haɗa ta da abin da ke hannunsa: a cika farar gorar roba da ruwa, a ɗaura mata fitilar goshi da ƙwan yana fuskantar cikin gorar, a kunna. Nan take gorar gaba ɗaya za ta ɗauki haske kamar an zuba mata wata a ciki, tantin ya haskaka ko'ina ba tare da wani ɗigo mai sukar ido ba. Gorar da robarta ke da ɗan duhu-duhun fari ta fi wadda ake gani tar ta cikinta. Haka nan siririyar igiyar nan mai jerin ƙananan ƙwayaye, wadda wasu suke ɗauka ado ce kawai, tana yin aiki na gaske idan aka zagaya rufi da ita, domin hasken da ya fito daga wurare ashirin kusan ba ya barin inuwa.

Wurin ratayewa shi ma yana da hukunci. Galibin tantuna suna da ɗan maɗauki a tsakiyar rufi, kuma fitilar da za a rataya a nan ya kamata ta zama mara nauyi, mai ƙugiya, wadda haskenta yake zubowa ƙasa. Da yawa daga cikin fitilun da aka ƙera domin ajiyewa a kan tebur batirinsu a gindi yake, idan an rataya su sai gindin ya jefa da'irar duhu daidai inda ake zaune, sai dai idan suna da ƙugiya ta biyu da za a rataya su a kife. Fitilar da aka ajiye a ƙasa kuwa tana da wata illa da mutane ba sa lura da ita sai an gaya musu: duk wanda ya gitta tsakaninta da bangon tanti, inuwarsa tana fitowa ƙatuwa a jikin yadin, na waje suna kallon duk motsinsa. Hasken da ke zubowa daga sama, musamman idan an rage shi, yana jefa inuwar a ƙasa.

Sai maganar batir, inda kwalaye suka fi yin wasa da hankali. A 2009 aka fitar da wani mizani a Amurka mai suna FL1, wanda yawancin sanannun masu ƙera tocila da fitilun goshi suke bi bisa ra'ayin kansu. A wannan mizani, tsawon aikin fitila ana ƙirga shi ne daga daƙiƙa 30 bayan kunnawa har zuwa lokacin da hasken ya sauko zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Ke nan fitilar da aka rubuta mata lumen 300 da awa 20 tana iya shafe mafi yawan waɗannan awoyi tana ba da abin da bai kai rabin 300 ba, kuma ba ta yi ƙarya ba a ƙa'idar mizanin. Wasu kwalayen kuma suna jera lumen na mataki mafi girma kusa da awoyin mataki mafi ƙanƙanta, su bar mai karatu ya haɗa su da kansa. Mutum yana iya yin lissafinsa cikin sauƙi. Batirin litiyom mai lamba 18650, wanda ke cikin fitilu masu caji da yawa, idan yana da mAh 3,000 (ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka, daidai da amfiya-awa 3) a kan bolt 3.7, to yana ɗauke da kimanin wat-awa 11, wato bolt sau amfiya-awa, kuma wat-awa ɗaya shi ne ƙarfin da zai riƙe wat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Idan aka ɗauka cewa wat ɗaya yana ba da lumen 100, wannan batir zai riƙe lumen 1,000 na kusan awa ɗaya, lumen 100 na wajen awa 11, lumen 30 kuwa na fiye da awa 30. Wanda ke kunna fitila awa uku a kowane dare, zaɓinsa yana tsakanin sulusin dare ɗaya da darare goma, da batir guda. Kuma duk kwalin da ya yi alkawarin da ya zarce wannan lissafi nesa ba kusa ba, akwai abin da ya ɓoye.

Tsakanin batir mai caji da wanda ake sauyawa, tsawon tafiya da yanayi ne suke yanke hukunci. Ga kwana biyu ko uku, fitila mai caji ta USB tare da ma'ajiyar caji mai mAh 10,000, wadda ke daidai da wat-awa 37, ta wadatar har da rara. Ga doguwar tafiya inda babu lantarki, fitilar da ke karɓar batirin AA tana da fifiko, domin idan ya ƙare minti ɗaya ya isa a sauya shi, kuma AA yana ɗauke da fiye da ninki biyu na abin da AAA yake ɗauka. Sanyi yana raunana batirin alkalin, wato na gama-gari da ake yarwa idan ya ƙare, ƙwarai, yayin da AA na litiyom wanda ba a caji yake aiki har a digiri 40 ƙasa da sifili, ga shi kuma ya fi sauƙin nauyi. Shi kuwa litiyom mai caji, ba a so a yi masa caji idan sanyi ya kai ƙasa da sifili, domin hakan yana lalata cikinsa, kuma zafi ma abokin gabarsa ne: rufaffen tanti da rana ta buga yana yin zafin da bai kamata a bar batir a cikinsa yana caji ba. Wanda zai hau jirgin sama ya tuna cewa batiran litiyom na ajiya a jakar hannu ake ɗaukar su, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce wat-awa 100.

Ɗan farantin sola da ake mannawa a saman wasu fitilu ya cancanci a yi masa lissafi shi ma, tun da alkawarinsa yana da daɗin ji. Rana mai ƙarfi tana sauke kimanin wat 1,000 a kan murabba'in mita ɗaya, farantin kirki kuma yana juya wajen kashi 20 cikin 100 na wannan zuwa lantarki. Faranti mai santimita 7 a kowane gefe, a mafi kyawun hali, wat ɗaya zai bayar, ke nan cika batirin can mai wat-awa 11 zai ci fiye da awa 11 na tsantsar rana, wato yini biyu ko uku idan babu gajimare, fitilar kuma tana gasuwa a cikin zafin duk tsawon lokacin. Yana iya ƙara wasu awoyi na ƙaramin haske a kowane yini, wanda ba abin rainawa ba ne, amma wanda ya dogara da shi kaɗai zai kwana a duhu ranar da hadari ya rufe sama.

Game da ruwa, alamar da ake dubawa ita ce IP da lambobi biyu a bayanta, ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa, harafin X kuma yana nufin ba a gwada wannan ɓangare ba. IPX4 tana jure feshin ruwa daga kowane gefe, IPX7 tana jure nutsewa a zurfin mita ɗaya na minti 30, IP67 kuwa ta haɗa wannan da toshe ƙura gaba ɗaya. Ko fitilar da ba za ta fita daga tanti ba tana buƙatar IPX4, domin numfashin masu barci yana taruwa ya zama raɓa a cikin rufi, kuma daidai inda aka rataya ta yake ɗiga da asuba. A riƙa duba ɗan murfin robar da ke toshe ramin caji, tun da duk alkawarin lambar a kansa ya rataya.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa fitila ɗaya ba ta ɗaukar aikin duka. Ƙaramar fitilar rataye mai laushin haske ita ce ta ciki, fitilar goshi ga kowane mutum ita ce ta karatu da fita waje da duk aikin da ke son hannu biyu, kuma kowace tana zama madadin 'yar uwarta idan ɗaya ta mutu, musamman idan irin batirinsu ɗaya ne. Mai fitilar goshi dai ya saba da sauke ta zuwa wuya idan zai juya ya yi magana da wani, domin duk inda ya kalla nan hasken yake sauka. Tocilar hannu tana da amfani wajen hango abu daga nesa, amma siririn haskenta ba na cikin tanti ba ne. Tocilar wayar hannu kuwa a bar ta ga larura, saboda cajin da take ci shi ne wanda za a nema idan ana buƙatar kiran taimako.

Kafin a tafi, a gwada fitilar a ɗaki mai duhu a gida. A sauke ta zuwa ƙaramin mataki a kaɗa yatsu a gabanta da sauri: idan yatsun suka rarrabu kamar jerin hotuna, to fitilar tana rage haskenta ne ta hanyar ƙiftawa a hankali, abin da ke gajiyar da idon wasu har ya sa musu ciwon kai. A bar ta a kunne a matakin da za a riƙa amfani da shi, a ƙirga awoyin da agogo. A duba ko tana da makullin madanni, domin fitilar da ta kunna kanta a cikin jaka tun safe za ta iso zango da mataccen batir, wadda ba ta da makulli kuwa sai a sa ɗan guntun takarda tsakanin batirin da ƙarfen da yake taɓawa, ko a ɗan sassauta murfinta. A dare kuma, fitilar goshi ta riƙa kwana a wuri guda, a aljihun ragar da ke bangon tanti kusa da kai, inda hannu zai same ta ba tare da an buɗe ido ba. Idan an dawo gida, a cire batiran alkalin kafin a ajiye fitilar, domin idan suka daɗe a ciki suna tsiyayar da wani sinadari da ke bushewa ya zama farin gari ya cinye ƙarafan, mai caji kuwa a ajiye ta da kimanin rabin cajinta a wuri mai sanyi, a riƙa ɗan ƙara mata bayan kowane 'yan watanni.